Layun da Audi Maƙeri Ya Rataya wa Gari

Ni na riga kowa ganin ƙarshen maƙerar Audi. Ban yi boko ba, sunana ma in an rubuta shi sai in ɗauka tururuwa ce ta bi ta kan takarda, amma na hango abin nan tun wata goma sha huɗu kafin masu tabarau su gani. Ni ne Bilyamin direba, wanda lori ta kife da shi sau uku tsakanin Suki da Dinder ya fito yana kakkaɓe jallabiya. Ambaliya ta ci gidana ba ta ci ni ba. Kwalara ta shigo ɗakina ta fita da kunya. To, amma ba labarina zan ba ku ba, ko da yake ya fi daɗi. Na Audi ne.

Audi maƙeri ne ɗan maƙeri. Kakansa ya taso daga Sakkwato da uwar maƙerarsa a kan jaki zai tafi Makka, ya yada zango a bakin kogin nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Hauya da lauje suka gada. Audi ne ya fara leƙa ƙarƙashin lori. Akwai ganyayen ƙarfe da ke ɗauke da nauyin mota, mu nan susta muke ce musu, mutanen yamma su ce sifirin. Hanyar Dinder da damina ba ta barin susta ta ga kaka. Audi ya ce zai ƙera wadda za ta ga kaka uku. Aka yi masa dariya, ya ƙera.

Sirrin a idonsa yake. Sai ya gasa ƙarfen ya tsoma a man riɗi, ya sake mai da shi kan wuta ya zuba masa ido, har launinsa ya koma irin na wuyan kurciya. Daidai nan yake ɗagewa. Ka riga lokacin, ƙarfen ya karye. Ka makara, ya lanƙwashe ya ƙi tashi. In ya gama sai ya zaro tambarinsa, wani guntun ƙarfe kamar babban yatsa mai zanen kurciya a baki, ya buga a gindin sustar. Daga Abu Hujar har Gadarif, direban da ya san ciwon kansa sai ya kwanta ya ga kurciyar nan kafin ya yarda a ɗora masa buhun riɗi.

Wani attajiri, Hajj Khalid, ya kawo injuna ya kewaye maƙerar da katanga, abu ya zama kamfani. Shekaru suka tura, aka kai kamfanin Kurciya kasuwar hannun jari a Khartoum. Wani banki ya saya, wani asusun 'yan fansho ya saya, manyan da ke zama a kujerun kamfanin su ma kowa ya riƙe nasa. Da ƙura ta lafa, Audi na da kashi ashirin da bakwai cikin ɗari. Hajj Khalid kafin ya rasu ya kama hannunsa ya ce masa:

"Ya usta, gwanin maƙera, ka riƙe wannan magana. A dokar kamfanin nan ba a rufe masana'anta sai kashi uku cikin huɗu sun yarda. Muddin kana da abin da ya haura rubu'i, ba mahaluƙin da zai kashe maka wuta."

Audi ya riƙe maganar, sai dai ya riƙe ta irin ta maƙera. A al'adar gidansu, in an yi haihuwa a gari, maƙeri kan kai wa jariri 'yar hauya ranar suna, don ya tashi da sanin inda tuwo ke fitowa. Audi ya ce zamani ya juya, shi ma zai juya. Duk sunan da aka yi a ƙauyenmu, sai ya sa magatakardan kamfani ya yanko daga rabonsa ya rubuta takarda da sunan jaririn. Na ce masa, "Sarkin Wuta, ka haukace? Dukiya kake rabawa kamar goro?"

"Mai kifar da lori, mi ka sani?" in ji shi. "Abin da ke hannun mutum guda, mutuwa guda ka raba shi. Abin da ke wuyan gari, sai an kashe gari."

A wuya kuwa ya tsaya. Mata suka ga takarda mai hatimi da rubutun Larabci, suka ce wannan ba ta ajiyar akwati ba ce, gara za ta ci. Aka kai wa Nuraddeen baduku ya naɗe kowace ya ɗinke ta cikin jar fata, aka rataya wa yara tare da layunsu. Shekara ashirin da biyar ana haka. Kashi ashirin ya tafi wuyan gari, bakwai suka rage wa Audi. Duk shekara in za a yi babban taro, iyaye su wakilta shi, ya je ya zauna da ashirin da bakwai ɗinsa cif, ya sha shayinsu ya dawo.

Ɗansa na fari, Zaharaddini, shi ya yi karatun injiniya har ya zama manajan masana'antar, da ɗan kashi biyu nasa na kansa. Audi bai taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari. Muhandis yake ce masa, wato injiniya, ko ya ce "wancan mai takalmin".

Sai yaƙi ya iso mu, tsakiyar damina.

Da hantsi ne. Ana jin rugugin abin daga yamma, mutane sun cika filin masana'anta da ƙunshin kaya da tsofaffi a kan angarib, gadon nan namu na igiya. Lori huɗu ke tsaye, ɗaya tawa, kuma babu ɗigon man da zai kai mu ko bakin gari. Mai man yana nan, amma farashin da ya yanka ko shanun garin duka aka haɗa ba su kai ba. Zaharaddini ya yi ta waya har muryarsa ta dishe. Kowa ya ce masa malesh, wato sai haƙuri. Mutum guda ya amsa, wakilin bankin nan. Ya ce zai turo kuɗin ta waya yanzu-yanzu, amma ba sadaka yake ba, hannun jarin mutanen gari yake saye.

Audi ba ya wurin. Yana can cikin maƙera, ya tone gindin kututturen da uwar maƙera ke kai, yana binne tambarin kurciya. Ya riga ya rantse ba inda za shi.

Zaharaddini ya hau bayan lorina da takarda da tawada. Wallahi bai ɓoye komai ba, ni shaida ne. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Larabci saboda samari. Ya ce wannan takardar tanazul ce, wato sallamawa, duk wanda ya dangwala yatsa ya sayar da rabonsa ko na ɗansa, khalas, ba dawowa.  Sai Dije, ƙanwar Audi, tsohuwar da bakinta ya fi almakashi, ta matso ta ce:

"Ɗan nan, layun za ka karɓe?"

"A'a, Gwaggo. Ku bar su a wuyansu."

Dije ta juya ta ƙyafta wa mata ido. Na ji ta da kunnena tana raɗa musu: "Ku dangwala. Banki ya sayi tawada, mu muna da takarda." Har da masu rufe baki da mayafi suna dariya, a ranar da ba ta dariya ba. Gani suke sun yi wa banki wayo. Aka yi layi, manya suka dangwala nasu, iyaye suka dangwala na yara.

Nan na gani. Ni da na sayar da lori biyu a rayuwata, na san makulli ba shi ne mota ba. Sunan da ke cikin littafin ofis shi ne mota. Na dubi Zaharaddini, ya kau da kai yana goge tawadar da ba ta taɓa hannunsa ba. Na buɗe baki, sai rugugin nan ya ƙara matsowa. Na rufe bakina na dangwala na jikata. Mutum ɗari uku da goma sha biyu muka kwasa, muka keta laƙar da ke haɗiye tarakta, kowace lori da ninkin kayanta, har Gadarif. Susta ko guda ba ta karye ba.

Audi ya yi wata takwas a kangon gari, shi da wasu tsofaffi uku, suna dafa dawa da gishiri. Aka kwashe injuna, aka ɓalle ƙofofi, aka cire har wayar wuta daga bango. Uwar maƙera ce kaɗai ta gagari ɓarayi, don nauyi. Kullum da safe sai ya share gindinta ya zauna. Da muka dawo muka tarar da shi ya rame kamar sandar makiyayi, amma abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaran na da layunsu?" Aka ce suna da su. Ya ce, "To, wuta ba ta mutu ba."

Sau uku Zaharaddini na zuwa zauren uban da niyyar magana. Ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai abin da ya kamata ku sani game da ranar da muka fita." Audi ya ɗaga masa hannu. "Muhandis, ka fid da mutane, Allah shi yi ma albarka. Ban son jin lissafi. Gawayi za ka nemo min." Ni ma na je sau ɗaya da maganar a bakina, na tarar da shi yana ɗinke zugazugi yana 'yar waƙa. Na sha jabanarsa, gahawar nan tamu, na tashi. Na fuskanci kura a dajin Dinder da sandar tayar da mota, amma wannan ban iya ba.

Sai takarda ta zo, an kira babban taro a Sennar. Magana guda ce a ciki: a rufe masana'antar Suki, a riƙa shigo da susta daga waje ta Port Sudan, a sa mata kurciya a sayar. Audi ya sa aka karanta masa sau biyu, ya yi dariya har da tari. Ya tono tambarinsa ya goge shi da mai ya sa a aljihu. Ya aika gida-gida a tattaro layu. Dije ta zuba su a cikin ƙwarya ta rufe da faifai, kamar mai kai kayan biki.

Ni na kai su. Mutum sittin a bayan lori, Audi a gaba kusa da ni, da farar jallabiya da rawanin da bai naɗa ba tun kafin yaƙi. Duk ramin da muka faɗa sai ya saurara ya ce, "Ka ji? Ko ƙara ba ta yi. Ta shekara tara ce wannan."

Zauren taron na da fanka da teburi dogo. Mutum bakwai ne a teburin: na banki, na asusun fansho, manyan kamfani huɗu, sai Zaharaddini a can ƙarshe, ya sunkuyar da kai. Mu sittin muka cika kujerun baya. Shugaban taron ya yi bayani da Larabci mai santsi, ya ce gyaran Suki zai ci abin da kamfani ba shi da shi, ta waje kuma ta fi araha. Ba mugun mutum ba ne, har ya yi mana jaje. Da ya gama ya ce ko akwai mai magana.

Audi ya tashi. Ya karɓi ƙwaryar daga hannun Dije, ya taka har gaban teburi ya juye. Layu suka zube, jajaye, wasu sun yi baƙi don gumin shekaru, wasu da guntun zare a jiki. Ya zaro wuƙarsa ya farke guda, ya warware takardar a hankali ya shimfiɗa.

"Ashirin ga su nan," ya ce. "Bakwai na nan gare ni. Hajj Khalid, Allah shi jiƙan shi, ya ce rubu'i da ɗoriya. Ban yarda ba. A kawo gawayi."

Mutanenmu suka ɗauki kabbara. Shugaban ya dubi na banki, na banki ya dubi kwamfutarsa. Ya ɗauki takardar da yatsa biyu ya karanta sunan, ya danna, ya juyo da fuskar na'urar.

"Ya hajj, wannan takardar tsohuwa ce. Mai ita ya sallama rabonsa bara. Ga yatsan mahaifinsa."

Audi ya farke ta biyu. Haka. Ta uku, haka. Dije ta miƙe daga baya tana gyara mayafi.

"Kai mai tabarau! Tawada muka ba ka. Takarda ta taɓa barin wuyan yaro? Yaya, gaya mishi!"

Ba wanda ya yi dariya. Audi ya tsaya da wuƙa a hannu guda, laya a ɗaya. Bai dubi na banki ba. Ya juya can ƙarshen teburi, kuma karo na farko cikin shekara arba'in da shida, gari ya ji ya ce:

"Zaharaddini."

Ɗan ya taso ya zagayo teburin, ya durƙusa a gaban uban, a gaban manyansa duka.

"Baba, na faɗa musu gaskiya ran nan, ba su ji ba. Na zo in faɗa muku, ba ku bari ba. Babu mai, Baba. Wuta na sayar na sayi mutane."

"Su nawa?"

"Ɗari uku da sha biyu."

"Wa ya mutu a hanya?"

"Ba kowa."

Audi ya jinjina kai ya daɗe yana jinjinawa. Abin da ya fi ci masa rai, na sani don na san shi tun muna yara, shi ne ya duba ko'ina a zauren nan bai sami wanda zai zaga ba. Da cuta aka yi masa da ya ji sauƙi.

Aka ce a kaɗa ƙuri'a. Masu son a rufe, hannu shida suka tashi a teburi. Waɗanda ba su yarda ba, Audi ya ɗaga nasa. Zaharaddini, yana durƙushe, ya ɗaga nasa. Mu sittin na baya muka ɗaga, har Dije da hannu biyu. Magatakarda bai ko dube mu ba, don ba hannu ake ƙirgawa ba. Ya ce bakwai da biyu, tara.

Audi ya laluba aljihu ya fito da tambarin ya ajiye a kan teburi, ya ɗora yatsa a kai.

"To, wanga nawa na. Kakana bai san shi ba, ubana bai san shi ba, ni na sassaƙa shi. In ga abin da za ku buga ma ƙarfen naku."

Kunya ta kama shugaban. Zaharaddini ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ba sa bukatarsa. Suna da hoton. Inji ne zai zana a can."

Wata takwas Audi yana kwana a kan tambarin nan da yunwa, ashe ba wanda zai zo nema. Ya mai da shi aljihu. Ya durƙusa da kansa yana tsince layu yana zubawa a ƙwarya, har guda ukun da ya farke. A hanyar dawowa muka faɗa ramuka sun fi ɗari, bai ce in saurara ba ko sau ɗaya.

Da muka iso ya ba Nuraddeen baduku ukun nan ya ce a ɗinke, a mai da wa kowane yaro tasa. Dije ta ce, "Yaya, ta mi? Takardar banza?" Ya ce, "Sunansu na ciki." Daga nan ya shiga gida, aka yi kwana arba'in ba a gan shi a maƙera ba.

Ana nan matar Zaharaddini ta haihu, mace. Ana gobe suna, bayan la'asar, sai muka ga hayaƙi na tashi daga kangon masana'anta. Na je na tarar da Audi shi kaɗai, yana zuga da hannu guda, awartaki a ɗayan. Tambarin kurciya ne a cikin wuta, ya yi ja.

"Sarkin Wuta, mi kake yi haka?"

"Riƙe min nan, ka bar surutu."

Na riƙe. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya shiga dukansa da masaba. Duk inda ya nufa nan take sauka. Guntun ƙarfen ya baje, ya yi faɗi, ya yi baki. Ya tsoma a man riɗi, ya mai da shi kan wuta, ya zuba masa ido. Na ga launin na tahowa daga gefe, ruwan ƙasa, ja-ja, sannan shuɗin nan. Ya ɗage. Hawaye na bin gemunsa, ya ce hayaƙi ne. Gawayin kuwa ya riga ya ruru, ba hayaƙi ko kaɗan.

Washegari aka raɗa wa yarinya suna Malak. Audi ya ratsa taro ya miƙa wa ɗansa 'yar hauya wadda ba ta fi tafin hannu ba, da ƙotar itacen sunut, wato bagaruwa.

"Muhandis, ka ba ta. Wagga in za a sayar, sai an zo an ɗauka."

Zaharaddini ya karɓa da hannu biyu. Audi ya koma ya watsa wa wutar ruwa da kansa. Ba a sake hura ta ba. Bai kai damina ba, muka kai shi makwancinsa kusa da kakan nan da bai isa Makka ba.

Yanzu sustar waje ta cika kasuwar Suki, kowace da kurciyarta, zane tsaf, har ta fi ta Audi kyau. Masu saye ba su san bambanci ba sai sun kai rabin hanyar Dinder.

Na san akwai masu cewa tsohon direba ya ƙara gishiri. Madalla. Mai musu ya zo Suki ya tambayi gidan Muhandis, ya ce a nuna masa hauyar Malak, ya juya ta wajen wuya: fiffiken kurciya guda na nan, masaba ba ta cinye shi ba. In bai ƙoshi ba ya sayo sabuwar susta ya ɗaura wa motarsa, ni in fito da tsohuwar lorina, a ɗora mana riɗi buhu ɗari-ɗari, mu kama hanyar Dinder ranar da aka kwana ana ruwa. Wanda tasa ta fara karyewa, shi ne maƙaryaci. Ina nan ƙofar gidana, makulli na aljihu.